Jaririn da Inna ta ƙi faɗin sunansa

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu a Batsari lafiya lau.

Na fara liƙa hotunan da muka tsira da su daga Runka a babban littafi, ina rubuta suna ƙarƙashin kowanne. Inna kaɗai ta san fuskokin, ga idonta yana raguwa. Kowa ta faɗi sunansa, ban da wani jariri. Sau uku ina tambaya, ta kau da kai ta ce, "Wancan yaron ne." Sai na tuna ba ta kama sunan ɗan fari. Na rubuta naka, amma ta hana ni hoton, yana ƙarƙashin matashinta.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, sai dai ta tambayi yaushe wasiƙar za ta tafi.

Ƙanwarka,
Rabi