Hannun Auwalu Tun Dawowarsa Daga Teku

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna? Mu nan Greensboro ta Amurka alhamdu lillahi, an sha sunan ɗan Jamila matar Auwalu, yaro ya ci sunan Baba.

Amma Yaya, hankalina bai kwanta da ƙanenmu Auwalu ba. Kin san naƙudar ta zo wa matar tasa da wuri, lokacin yana can tsibiran murjani a jirgin ruwa, shi da abokan aikinsa, kullum suna nutso da tukunyar iska a baya. Ba su dawo gaɓa ba sai ana gobe suna. Masu jirgin sun gargaɗe shi kada ya hau jirgin sama sai ya kwana bayan nutson ƙarshe, wai iska na taruwa a jini. Ya ce shi ba za a raɗa wa ɗansa suna yana wata duniya ba. Gashinsa bai bushe ba ya nufi filin jirgi.

Tun saukarsa kafaɗa ke masa ciwo. Na ce, "Auwalu, tashi mu je asibitin nan na wajen titin Wendover." Ya ce, "Haba Anti, sanyin teku ne, bari baƙi su watse." Sai man zafi yake ta shafawa.

Ɗazu na miƙa masa jaririn, ya yi wuf ya dawo min da shi. A hankali ya ce, "Karɓe shi, ba na jin nauyinsa a hannuna."

Na ɗauko makullin mota, yau ko ya ƙi ko ya so sai asibiti. Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Kada Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi