Nafi'u Na Iyo Bisa Tabarma

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Lokacin ɗari na uku ke nan ba ki tare da mu. Na rubuto ne kan jikanki Nafi'u, wanda kike tsokana da maigidanki, da kuma alkawarin da kika ɗaura mini a kansa.

Kwana biyu kafin ki cika kika kama hannuna kika ce, "Kai wanga, kada ƙafar yaron nan ta taɓa gulbi." Ko ranar ba ki kira sunana ba, don kunyar ɗan fari. Na ce to.

Na san dalilinki. Ƙanena Sanusi irin wannan ciwon ƙirji gare shi, wanda yanzu ake kira asma. Wata safiyar ɗari a Gangara ya bi yara su a tafki. Ruwan ko ƙugunsa bai kai ba, amma sanyi ya kama shi, numfashi ya sarƙe. Ni na ɗauko shi a kafaɗa, kuma bai kai gida ba.

To Inna, na riƙe alkawari. Tun da zaman ƙauye ya gagara muka dawo Sabon Birni, ɗaki guda muke da shi. Da ɗari ya shigo sai ni da uwarsa mu yi yadda kika koya mana: mu rufe ƙofa, mu toshe taga da tsumma, mu hura masa wuta a kasko. Itacen ma ɗanye ne, don yanzu ba mai shiga daji da nisa. Yaran unguwa kan wuce ta bayan katanga da gorunansu za su iyo, shi kuwa yana ciki yana jin ihunsu.

Makon jiya da hantsi ƙirjinsa ya fara kuka, har leɓensa ya sake launi. Na ɗora shi bisa babur zuwa asibiti. Bayan ya farfaɗo, malamar da ta duba shi ta shinshina rigarsa ta ce, "Malam, ɗa kuke reno ko kifi kuke bandawa?" Wallahi na ji kunya har tafin ƙafata.

Ta ce hayaƙin da muke kulle shi da shi ne ya kawo shi. Ruwan safiya a ɗari kam haɗari ne, a nan kin yi gaskiya. Amma in rana ta take, ruwa ya yi ɗumi, da babba kusa da maganin shaƙa a hannu, iyo ba laifi ba ne ga mai irin ciwonsa. Da ya fara tari a fito da shi, a tsane masa jiki, shi ke nan.

Tun ranar ban samu sukuni ba. Shekara uku ina tsare shi daga abin da ya ɗauke Sanusi, ashe ni ke shaƙe shi da hannuna. In na bar shi ya tafi, na saɓa miki, kuma maganin guda ɗaya ne, in abu ya yi tsanani hanyar zuwa babban asibiti a Sakkwato ba ta biyuwa yanzu saboda ɓarayin daji. In na hana shi, yaro mai shekara tara ya girma tsakanin bango huɗu. Tsoro nake ji, Inna, kuma ba ki nan bare in roƙe ki ki kwance ni.

Jiya na dawo daga kasuwa na tarar da shi rub da ciki bisa tabarma, ya rungume tsohon goranki, yana ta harba ƙafafu. Ashe abokansa ne ke gaya masa yadda ake yi ta saman katanga. Da ya gan ni bai ko tashi ba, ya ce, "Baba, kada ka ji tsoro, nan babu ruwa."

Kasko dai na fitar da shi, taga ma na buɗe. Ga abin da na rubuto in faɗa miki: in ɗari ya wuce, kafin gulbi ya ƙafe, za ni kai shi da azahar. Za ni shiga ruwan tare da shi, maganin cikin aljihun gaba. Ban sani ba ko hannuna zai yarda ya sake shi, amma za ni kai shi.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da Sanusi a Aljanna, Ya bar mini maigidanki da numfashinsa.

Naki,
ɗan farinki da ba ki kiran sunansa.