Takarda Mai Ɗigon Lalle

Zuwa ga Yaya Mwanaidi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Yaya Mama da ciwon ƙafa? Mu nan Mbagala lafiya lau, cikin ya shiga wata bakwai.

Yaya, kada Mama ta ji wannan. Maigidana Shomari yana tara kuɗin haihuwa a gwangwani, ni kuwa ina ta murna na samu irin mazan littattafan soyayyar da nake karantawa. Ashe ya daina shiga daladala, motar haya, zuwa aiki. Bayan tirelar siminti yake ɗafewa in ta rage gudu. Ranar Talata maƙwabcinmu ya suɓuto daga irinta, har yanzu bai farfaɗo ba.

Na yi kuka, ya yi dariya ya ce, "Sarauniyar tsoro, hannun nan ƙarfe ne!"

Sai na fara saka masa shilin dubu a aljihu kullum da safe, kuɗin mota. Takardar kuɗin tana da ɗigon lallena. Yau kwana tara ina tarar da ita a gwangwanin da yamma.

Don Allah ki sa Kawu Bakari ya kira shi, maganarsa kaɗai yake ji. Ba na so ɗana ya san ubansa a hoto.

Ƙanwarki,
Zuhura