Akwatin Irin da Na Zubar a Sararin Sama

Magajin Gari,
Birnin Gwari.

Zuwa ga Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da iyali da Inna. Allah Ya ƙara mata sauƙin ƙafa, Ya sa ta saba da Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Bappa ya warware, har ya koma zaman ƙofar gida yana yi wa masu babur faɗa.

Yaya, wasan kwamfutar da ka bar mini, wanda ka rantse ba zan kai ko rabinsa ba, na gama shi. Amma ban ji daɗin da na zata ba. Kyau kam akwai shi: taurari, da jirgin nan mai kama da gari guda, da mutanen da duniyarsu ta ƙone ni kuma ina jagorantarsu neman wata. Har na shaƙu da su. Faɗan ne ya ishe ni, harbi ba iyaka, sai ka ce ba mu gaji da jin sa a dajinmu ba.

Ka tuna inda jirgi ke yin nauyi, dole a rage kaya? Akwai tsohuwar nan mai akwatin iri. Ta roƙe ni, ta ce na kakanninta ne. Na duba na ga ba ya harbi, ba ya warkarwa, na zubar da shi na riƙe bindigogi. Ni fa, 'yar manoman Randagi. Na ci kowane yaƙi, muka sauka sabuwar duniya, ƙasa baƙa mai kyau, ba abin shukawa. Wasan bai zage ni ba, ya dai nuna tsohuwar a tsugune tana murza ƙasa a hannu, ya ƙare. Na nemi komawa baya, ashe babu hanya.

Ina rufe kwamfutar na nufi madafa. Ka san zangarniyar kaurar da Inna ta fito da ita ranar da muka baro Randagi, ta bar tufafinta ta ɗauko ta. Da za ku tafi ka ce babu gona a Fatakwal, ta rataye ta inda hayaƙi ke bugu, ta ce a shuka da an samu wuri. Wuri bai samu ba, damina ta yi ta wucewa. Na sauke na tarar ƙwari sun shiga. Na jiƙa cikin hannu a tsumma yadda take yi, kaɗan ne ƙwarai suka tsira. Wallahi na yi kuka.

Maman Gloria maƙwabciyarmu ta ce ta ba ni bayan ɗakinta in shuka ragowar bana, ta ce in aka ƙara shekara ba sauran magana. Zan shuka, amma ban san ko zai kai ba. Kada ka gaya wa Inna yawan da ya mutu. Ka dai tambaye ta, kamar cikin hira, ruwan fari take shuka kaurarta ko sai ƙasa ta sha sosai. Ban taɓa tambayarta ba, don kullum tana nan.

Ka gaishe da Inna, da Anti Tasalla, da Abdulsamad. Bappa na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Zakiyya