Gwiwar Auta da 'Yan Benci

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, na gaji.

Ni kocin wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon kwando ne. Ba sana'ata ba ce, da rana ina shagon walda, da yamma in rataya usur. 'Yan wasa biyar da nake farawa da su ba su da laifi. Matsalata 'yan benci ce. Da zarar na fitar da manyan su sha ruwa, sai makin da muka tara ya tsiyaye kamar an huda bokiti. Cikin 'yan bencin, Tela ya jefa ƙwallo inda babu kowa, Mai Gyaran Waya ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Abin haushin, a wurin atisaye ba haka suke ba. Tsarina shi ne duk mako in sa su kwaikwayi ƙungiyar da za mu kara da ita, don manyan su saba. Wallahi sun iya, har tafiyar kyaftin ɗin abokan hamayya Tela ke kwaikwaya, mu yi ta dariya. Amma ranar wasa sai su koma baƙi.

Ga abin da ya fi damuna. Wanda ya fi ci mana maki ƙanena ne, autanmu. Gwiwarsa ta kumbura tun wasan da ya wuce, likita ya ce ya huta. Ranar Asabar muna da wasan da in aka ci mu za a sauke mu daga rukuni, filin makarantar da ake ara mana kuma a ba wasu. Auta ya nace in naɗe masa ƙafar da bandeji ya shiga. Mama ta daina amsa gaisuwata da kyau, sai ta kalli ƙafarsa ta kalle ni. Ni kuwa in na waiwayi bencin nan ba na ganin wanda zai maye gurbinsa. In sa shi, ko in zuba ido a lallasa mu?

Koci Mai Walda

Koci, sannu da ƙoƙari. Tsoronka na kan hanya, rasa fili ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiya irin taku. Amma maganar Auta gajeriya ce: kada ya shiga. Rukuni ana sauka a sake hawa, fili ana neman wani. Gwiwa kuwa in ta lalace, ba a shagonka za a yi mata walda ba. Zai yi ta cewa zai iya, don ba ya son ganin yayansa ya ji kunya. Kai ne babba, kai za ka ce a'a.

Sai 'yan benci. Sake duba abin da ka rubuto mini. Duk mako kana mayar da su wata ƙungiya, don haka sun san wasan kowa ban da naku. Yaushe rabon Tela da ya miƙa wa kyaftin ɗinku ƙwallo a atisaye? Wurin da yake jefawa babu kowa, nan ne mutumin waccan ƙungiyar zai tsaya. Tsarinka ya amfani manyan, amma waɗannan bayin Allah ne suka sha wahalarsa.

Daga yau zuwa Asabar a ajiye kwaikwayo. Gauraya su da manyan, ka koya musu salo mai sauƙi su maimaita har ya zauna. Ranar wasa ka riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kada ka zuba su gaba ɗaya. Auta ya zauna kusa da kai yana nuna musu inda za su tsaya. Kuma ka je ka faɗa wa Mama da bakinka tun yau.

Ban yi maka alkawarin nasara ba, mai yiwuwa a ci ku. Amma ko an ci ku, za ka shiga gida tare da ƙanenka yana takawa da ƙafarsa, Mama kuma ta amsa gaisuwarka. Allah ya ba Auta lafiya, ku kuma ya ba ku sa'a.