Tankin Jirgin da Ban Gani Ba

Misfala, Makka
Rajab, 1373

Zuwa ga Yaya Awwalu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Rakiya da yara. Ni lafiya lau, sai ƙunar dalma a hannu, ita ma ta kusa warkewa.

Yaya, na samu aiki, amma raina bai kwanta ba. Wani attajirin Jidda, Abdulganiyyu, ya same ni a rumfata inda nake liƙin gwangwanayen ruwa. Wai ya sayo ƙaramin jirgin sama gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, yana harhaɗawa da kansa, tankunan fetur biyu kawai suka rage. Ya ba ni zane.

Na yanka ƙarfen, na lanƙwasa, sai na lura kowane tanki gindi biyu ne, da rata ta yatsu huɗu a tsakani. Na ce masa, "Ya Shaikh, me zai zauna a nan? Ai fetur ba zai shiga ba." Ya ce, "Ya Hajji, kai dai yi liƙi, yalla, maza." Ina zargin ratar ta ɓoye wani abu ce. Kuma takardar zamana tana hannunsa, wai zai sabunta mini.

Jiya na ce ba zan rufe gindin ba sai na ga jirgin da idona. Ya yi murmushi, ya ce motarsa za ta zo ɗaukata ran Asabar.

Kada Inna ta ji. Ka ce ina yi mata addu'a a Harami. Idan alhazai suka dawo ba wasiƙata, ka rubuto wa Malam Yunus, maƙwabcina. Na nuna masa fuskar mutumin.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Rabe