Abokin Waƙar Ɗana Yana Yawo Da Muryarsa A Dubai

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, manya da yara. Admin don Allah a ɓoye sunana, kuma ku yi haƙuri da rubutun, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, a hankali nake latsa wayar. Don Allah ku ba ni shawara, wata magana ce ta tsaya min a wuya, ta ƙi haɗiyuwa ta ƙi fitowa.

Ni dattijuwa ce daga wani gari a ƙasar Kano, yanzu ina Dubai wajen 'yata, na zo yi mata wankan jego. Maganar a kan ɗana ce, Allah ya jiƙansa, da abokin waƙarsa. Ba zan kama sunan kowa ba, in na kama da yawanku za ku gane, don an yi lokacin da ba a tashi daga biki ba a sa waƙarsu ba. Nawan dama ko da yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Shi kuwa ɗayan bari in ce masa Dogo, don tsawon ne kaɗai abin da na san nasa ne na kansa.

Dogo ɗan maƙotanmu ne, uwarsa ta rasu yana ƙarami, a tsakar gidana ya tashi, kwano ɗaya suke ci da marigayi. Marigayi tela ne tun asali, wajen wani tsoho a bakin tasha ya koyi gurmi, babansa ya yi dukan ya yi faɗan har ya gaji ya sa masa ido. Yana taka keken ɗinki yana haɗa baiti, waƙoƙinsa na noma ne da damina da kewar gida da haƙurin talaka, ba ya zagin kowa ba ya batsa. Aikin Dogo a lokacin shi ne ɗaukar gurmi da amshi, in an yi baiti ya ce haka ne, in an ƙara wani ya ce gaskiya ne. Da suka shiga sitidiyo aka haɗa musu gurmin da fiyano sai abin ya karɓu, gidajen rediyo suka ɗauka, aka fara kiransu biki har Nijar har Gana, mutane suna ce musu tagwaye. To a nan Dogo ya gano baiwarsa, wato rawa da surutu a gaban 'yan jarida. Shi ne mai cewa mun zauna mun rubuta, mun yi tunani mun ga. Mutumin da ko jerin cefane aka ba shi sai ya dawo da rabi. Na taɓa yi wa marigayi maganar sau ɗaya, ya yi dariya ya ce Inna ki bar shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Duk jinyar nan Dogo ba ya zuwa sai da mai ɗaukar bidiyo a bayansa, ya dafa goshin mara lafiya, ya share ido, a kashe kyamara ya duba agogo. Da jikin ya yi tsanani marigayi ya sa aka kira shi, ga ni ga kawunsa, ya yi wasiyya da bakinsa. Ya ce waƙoƙin da suka riga suka fita sun fita, ba shi da iko da wayoyin mutane, Allah ya yafe masa. Amma akwai waɗanda suka ɗauka a sitidiyo ba su sake ba, suna hannun Dogo, a goge su. Kuma kada Dogo ya ƙara hawa wani taro da muryarsa, ba ya so yana kwance a kabari ana rawa a kanta. Dogo ya faɗi ƙasa yana birgima, ya rantse da Allah ya rantse da abincin da ya ci a gidana. Ranar sadakar uku ya maimaita a gaban jama'a, har ya roƙe ni gurmin marigayi, wai zai rataye a ɗakinsa ya riƙa gani yana yi masa addu'a. Na ɗauko na ba shi da hannuna.

Bayan nan ya gwada fitowa shi kaɗai, Allah ya nuna wa duniya wanda ke ɗauke da jinkar. Murya kamar ana jan buhu a kan siminti. Ya ɗauko wani yaro su zama biyu, suka rabu baram-baram. Ya koma yi wa 'yan siyasa, yau ya wanke wannan gobe ya wanke abokin gabarsa da baitin da bai ko canza ba, har suka gane suka daina ɗaga wayarsa. Sai muka ji wai ya tafi Dubai ya zama babban mutum, ana ta nuna min hotonsa ya jingina da motoci. Na ce Allah ya ƙara rufa asiri, ban riƙe shi da komai ba, a zatona ya cika alkawari.

Mijin 'yata yana aikin kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, a unguwar Al Sabkha, a ƙarƙashin wani Alhaji ɗan kasuwa, bizarsa ma ta kamfanin Alhajin ce. Ranar suna muna fulat ɗinsu a Deira, sai ga Dogo ba wanda ya gayyace shi. Da ƙyar na gane shi. Ya sha farar jallabiya da ɗankwalin Larabawa, fuska ta yi fari fat, gaɓoɓin yatsu kuwa suna nan baƙi ƙirin sun ƙi bin sa. Yaron da na yi wa wanka da sabulun salo, bai durƙusa ba, ya buɗe hannu yana ya ummi, ya ummi, waya a sama yana ɗaukar mu. Larabcin nasa duka habibi ne da yalla da khalas, su yake juyawa kamar mai tuya da mai ɗaya. Daga baya na ji ashe gado ɗaya yake haya a wani ɗaki a bayan Al Rigga, irin mai hawa biyun nan, na sama ma, ƙafafunsa a waje suke kwana. Ban raina masa wannan ba, neman halak ba abin kunya ba ne, mutane nawa ne suke kwana haka suna aika wa iyayensu. Motocin mutane da yake jingina da su ne suka ba ni dariya.

Bayan la'asar ina ɗaki ina dama wa mai jego kunun kanwa, sai na ji gurmi daga falo, sai kuma murya. Jama'a, muryar ɗana ce, kuma waƙar ban taɓa jin ta a ko'ina ba. Na taso na leƙa. Ga Dogo a tsakiyar maza, ya ajiye sifika, ya rungume gurmin da na ba shi, yatsunsa ko kusa da tsirkiyar ba sa zuwa, yana motsa baki yana lumshe ido, ana yi masa liƙi. Ana cikin haka atishawa ta kama shi, ya yi ta har sau biyu, waƙa kuwa ba ta ko girgiza ba. Wata maƙociyarmu 'yar Gana da ke girki a wani gidan abinci, ba ta san ko ni wace ce ba, ta taɓo ni tana dariya ta ce, “Mma, kin gani? Baki nasa, murya ba nasa ba. Kowa ya sani, amma waƙa na da daɗi, za mu yi yaya?” Na koma ɗaki na ci gaba da damun kununa.

Washegari na sa aka kira min shi. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Na tuna masa abin da aka ce a gabana da abin da ya rantse. Ya fara da cewa ai zafin ciwo ne ya sa marigayi faɗin haka. Daga nan ya koma cewa shi raya sunan ɗan'uwansa yake yi, ba don shi ba da tuni an manta. Da wannan ma bai ci ba sai ya ce rabin waƙoƙin ai nasa ne, da guminsa a ciki. Na ce to ya cire rabin marigayi ya rera nasa rabin mu ji, in amshin nan nasa na haka ne da gaskiya ne zai tara masa mutane, bismillah. Ya ɓata rai ya ce ni ban san yadda harkar take ba, nan Dubai ce, khalas. Na tambaye shi gurmin, ya ce ai kyauta na ba shi. Ashe ɗaya bayan ɗaya yake sakin waƙoƙin nan da aka ce a goge, yana cewa sababbi ne, da hotonsa shi kaɗai a kai.

To ga inda abin ya ɗaure. Mutane sun fara yi masa ca a ƙarƙashin bidiyoyinsa, waɗanda suka ji rantsuwarsa ranar sadakar uku suna ce masa maci amana. Shi kuma Alhajin, ubangidan surukina, zai yi walimar buɗe sabon shago a wani otal a Al Rigga, ya riga ya sa Dogo a cikin shirin, baƙinsa suna son waƙoƙin, amma ba ya son abin magana. Da ya ji uwar marigayi tana gari sai ya ce ai shi ke nan, a kawo Hajiya ta hau ta dafa kan Dogo ta ce ta yafe ta ba da izini, a ɗauka a bidiyo, bakin kowa ya mutu. Surukina mai kunya ne, bai iya fuskantata ba, ta bakin 'yata saƙon ya zo. Ita ma tana faɗa tana kuka, marigayi yayanta ne, amma ta ce Inna ki duba, zamanmu a ƙasar nan a hannun mutumin nan yake, ga jariri, in ya ji an watsa masa ƙasa a ido ba mu san me zai biyo baya ba. Ban ga laifinta ba. Alhajin ma ban ce mugu ba ne, shi dai a wajensa magana ce ta minti biyu.

Da Dogo ya ji ban ce e ba ban ce a'a ba, sai ya dawo da wata dabara, kuma ita ce ta sa nake rubuto muku. Ya zo wannan karon har da durƙuso, ya tuna da Inna ya ajiye ya ummi. Ya ce akwai waƙa ɗaya a cikin na sitidiyon da bai saki ba, marigayi ni ya yi wa. Na ce ƙarya yake. Ya ciro waya ya kunna. Na ji gurmi a hankali, na ji ɗana ya ja numfashi, ya fara da cewa akwai wata mata da ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai Dogo ya danna ya kashe. Ya mayar da wayar aljihu yana murmushi, ya ce sauran sai ranar walima, a gaban jama'a zai sa min, ya fi armashi. Na dube shi, wannan shi ne wanda na ba tuwo da hannuna. Ko mahauci ba ya nuna wa akuya wuƙa yana mata dariya.

Ku da ba ku san kunyar ɗan fari ba, bari in gaya muku. Duk shekarun da yaron nan ya yi yana waƙa ban taɓa zuwa inda yake yi ba, ban taɓa zama na saurara a gaban mutane ba, in an sa a rediyon maƙota sai in kama shara a kusa da katanga. Ban taɓa ce masa ya iya ba. Shi ma bai taɓa gaya min ya yi min waƙa ba, ya san ba zan iya ɗaga ido ba. Yanzu ga abin da ya so faɗa min yana aljihun Dogo, kuma yana cikin waɗanda shi da bakinsa ya ce a goge, bai ware ta ba. Na yi waya da kawunsa, ya ce wasiyya wasiyya ce, kada in kuskura in hau ko'ina. Faɗa yana da sauƙi daga gida, shi ba shi zai kwana a fulat ɗin nan yana kallon fuskar surukina ba, kuma shi ba a kunna masa komai an kashe ba.

Hawa in dafa kan Dogo dai, zuciyata ta ƙi, hannun nan da ya riƙe na marigayi yana wasiyya ba zai sa wa ƙarya albarka ba. Amma in na ƙi zuwa, gidan 'yata nake tsoro. In kuwa na je na karɓi makirfo na faɗi gaskiya, na san Dogo ya gama yawo, kuma wallahi ba zan ji tausayinsa ba, sai dai Alhaji ne zai sha kunyar a gaban baƙinsa, a kan surukina za ta sauka. Ni ban saba magana a taro ba ma, ko a gidan biki can baya nake zama.

Walimar Juma'a mai zuwa ce. Don Allah masu ilimi da iyaye mata 'yan'uwana, ku gaya min wacce zan bi, kuma in akwai hanyar da zan fita ba tare da na jawo wa yaran nan ba, ku nuna min. Sannan ku amsa min wannan, kada ku ji nauyina. In na roƙi Dogo ya kunna min waƙar nan ni kaɗai, in ji ta sau ɗaya har ƙarshe kafin a goge, na saɓa wa ɗana ko ban saɓa ba? Don in na saɓa, ban san da wane baki zan ƙara ce wa Dogo maci amana ba. In kuma na haƙura aka goge, to har in koma ga Allah ba zan san me ya ce bayan nan ba.